An ja layin mazaɓarmu tun ina ɗan aji shida

Lokacin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya sayi filin da muke zaune a kansa yanzu a Bachirawa, abokan kasuwancinsa cewa suka yi zai kai iyalinsa daji. Ina tuna ranar da ya goya ni a bayan Vespa muka je ganin wurin. Gero ne ta ko'ina, ya fi ni tsawo, sai wata tsamiya guda da masu awo suka ɗaura igiyarsu a jikinta. Bayan mun tare, in dare ya yi sai ka ƙura ido kafin ka hango fitilar maƙwabci. Yau in na fito ƙofar gida bayan la'asar, yaran layinmu kaɗai ba sa ƙirguwa. An sare tsamiyar, shaguna uku ne a gurbinta. Ka taso daga Kurna, ka bi ta Rijiyar Lemo har ka iso wajenmu, babu inda za ka nuna ka ce nan gari ya ƙare.

Duk wannan sauyi bai taɓa abu ɗaya ba: taswirar mazaɓarmu. A 1996 aka shata iyakokin mazaɓun da muke zaɓen 'yan Majalisar Wakilai da su, zamanin Janar Sani Abacha, lokacin hukumar zaɓe tana amsa sunan NECON. Ina aji shida na firamare a shekarar. Da wannan taswira aka yi zaɓen 1999, da ita aka yi na 2003, 2007, 2011, 2015, 2019 da 2023. Mu mutanen Ungogo an haɗa mu da Minjibir, ɗan majalisa ɗaya muke da shi a Abuja. A ƙidayar 2006 Ungogo ita kaɗai ta haura mutum dubu 350, Minjibir ta haura dubu 200. Fagge, mai mutum wajen dubu 200 a wannan ƙidayar, tana da nata wakilin ita kaɗai. Ba na ƙyashin mutanen Fagge, can dangin mahaifiyata suke. Amma lissafi ne a fili: ƙuri'ar kawuna ta kusa ninka tawa uku wajen nauyi, alhali in ya hau adaidaita sahu ba ya minti ashirin kafin ya iso gidana. Kuma wannan alƙaluman 2006 ne, kafin gonakin Panisau da Kadawa da Rijiyar Zaki su koma unguwanni.

Malamin makaranta ne ni, darasin gwamnati nake koyarwa a babbar sakandare. Kowace shekara in mun zo kan majalisa ina rubuta wa yara lambobin a allo: sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja; wakilai 360. Sannan na karanta musu sashe na 72 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce a yi iya ƙoƙari yawan mutanen kowace mazaɓa ya zo kusan daidai da na sauran. Ka raba mutum miliyan 140 na ƙidayar 2006 gida 360, kowane wakili ya kamata ya tsaya wa mutum wajen dubu 390. Shekaran jiya-jiyan nan wata yarinya da ke zama a benci na biyu, ɗiyar wani mai facin taya ce, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu ai mun wuce haka. Wa zai gyara?" Na ce mata hukumar zaɓe ce ke zana layi. Ta ce, "To me ya hana ta?" Aka kaɗa ƙararrawa ban gama ba ta amsa ba, kuma amsar ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Abin da ya hana yana cikin sassa biyu da ke biye da wancan. Sashe na 73 ya ce hukumar zaɓe ta riƙa sake duba rabon mazaɓu a tsakanin lokacin da bai gaza shekara goma ba. A sake karanta wannan a tsanake. An faɗi mafi ƙarancin lokaci, ba a faɗi mafi yawa ba. Shekara goma ba ta gaza goma ba, shekara talatin ma ba ta gaza ba, haka hamsin. Ƙofa ce aka yi wa madogari ta gefe ɗaya aka bar ɗaya gefen a sake. Sai sashe na 74, wanda ya ce ko hukumar ta zana sabon layi, ba zai fara aiki ba sai Majalisar Dattawa ta amince, Majalisar Wakilai ta amince, kuma sai wa'adin majalisar da ke kai ya ƙare. Ke nan mutanen da sabon layi zai raba wa mazaɓa, ko ya haɗa biyu daga cikinsu su yi kokawa a kan kujera ɗaya, su ne za su ce e ko a'a. Wanzami ba ya son jarfa. Hukumar ta ɗauko aikin a zamanin Farfesa Maurice Iwu, ta sake ɗauko shi a zamanin Farfesa Attahiru Jega, duka bai kai ga sabuwar taswira ba.

Ba Kano kaɗai ba ce. A rajistar zaɓen 2023 Abuja tana da masu zaɓe 1,570,307, wakilanta biyu. Ekiti tana da 987,647, wakilanta shida. Bayelsa 1,056,862, wakilai biyar. Na san doka da yawan jama'a take awo, ba da yawan masu rajista ba, amma wannan tazarar ba ta ɓuya. A majalisar jiha ma haka: sashe na 91 ya ce kada kujeru su wuce arba'in, shi ya sa Kano mai ƙananan hukumomi 44 take da 'yan majalisa 40, aka haɗa Kura da Garun Malam, Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Kunci, Rimin Gado da Tofa.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Na raka wani maƙwabcina gidan wani ɗan majalisa, ba zan faɗi sunansa ko mazaɓarsa ba, kuma ba namu ba ne. Matar maƙwabcin nawa ce ke kwance ana neman kuɗin aiki. Tun kafin bakwai mun tarar da mutane sun fi hamsin a ƙofar gidan, wasu a kan tabarma, wasu sun jingina da katanga. Kowa da takarda a hannu: na asibiti, na kuɗin jarrabawa, katin ɗaurin aure, takardar neman aiki da aka naɗe cikin leda don kada gumi ya ɓata ta. Wata tsohuwa tana riƙe da kwalin magani wanda babu komai a ciki, shi ne shaidarta. Da ya fito wajen sha ɗaya aka miƙe ana "Ranka ya daɗe, Onarabul", ya bi layi yana gaisawa, yaronsa na biye da jaka. Ya taimaka wa maƙwabcina, Allah ya saka masa. Da ya zo kaina ya ce, "Malam, kai fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni rakiya na yi. Amma ina da tambaya a kan gyaran dokar zaɓe." Ya tsaya ya dube ni, ya ce tun da ya shiga majalisa ba a taɓa tare shi a ƙofar gida da irin wannan maganar ba. Ba raini a muryarsa, mamaki ne. Na yarda da shi, kuma abin ya tsaya mini a rai har yau. Talauci ne ya jera mutanen nan, ba zan zargi mai kwalin magani ba. Amma mu da muka yi karatu, muke da albashi komai ƙanƙantarsa, mu ma da rijiyar burtsatse da buhun shinkafar azumi muke auna wakili. Aikin da ba wanda zai iya yi sai shi, wato sa kalma ko cire ta a cikin doka, ba mai tambayarsa a kai.

Wanda ke shakkar nauyin kalma ɗaya ya tuna ranar Alhamis 15 ga Yuli, 2021. Ran nan Majalisar Dattawa ta zauna bin rahoton kwamitinta na hukumar zaɓe kan ƙudirin gyaran dokar zaɓe sashe-sashe, kwamitin da Sanata Kabiru Gaya na Kano ta Kudu ke shugabanta. Aka zo sashe na 52, sakin layi na uku. Abin da kwamiti ya kawo shi ne hukumar zaɓe tana iya aika sakamako ta na'ura a inda hakan zai yiwu, a lokacin da zai yiwu. Sai Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ta Arewa ya miƙe ya kawo gyara: a yi hakan ne kawai in hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar sabis ya wadata kuma yana da tsaro, sannan Majalisar Tarayya ta amince. Sanata Albert Bassey Akpan na Akwa Ibom ya nemi a bar shi yadda kwamiti ya kawo. Zaure ya kaure. Shugaban marasa rinjaye, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya dage sai an kira sunan kowa ya tashi ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Aka yi haka. Mutum 52 suka bi gyaran Sabi, 28 suka ƙi, 28 ba sa zauren.

A wayar wani abokina muka kalla, mun yi cincirindo a bencin mai shayi. A ganina abin da Abaribe ya yi ran nan ya fi muhawarar kanta amfani. Yawanci da murya ake yanke hukunci: masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ɗaga, shugaba ya buga guduma ya ce wane ɓangare ya yi rinjaye, gobe kowa ya dawo gida ya ce shi ba ya ciki. Ran nan kuwa sunaye suka fito a jaridu, kowa ya ga inda sanatansa ya tsaya, da wanda ba a ga ƙeyarsa ba.

Zan yi wa Sanata Sabi adalci. Maganar rashin sabis ba ƙirƙira ba ce. Duk wanda ya je ƙauyukanmu ya ga mutum ya hau tudu ko ya nemi gindin wata bishiya kafin ya kira ɗansa da ke birni. Washegari ma jami'an NCC sun shaida wa Majalisar Wakilai cewa wajen rabin rumfunan zaɓe ne ke da sabis ɗin 3G, a zaman da 'yan adawa suka fice daga zaure ƙarƙashin Ndudi Elumelu. Ba a yi wata biyu ba aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Damuwar gaskiya ce. Inda na rabu da shi shi ne maganin da ya kawo. Sashe na 78 na kundin tsarin mulki ya ɗora rajista da gudanar da zaɓe a wuyan hukumar zaɓe. In aka ce sai ta nemi izinin wata hukuma da ke ƙarƙashin minista, sannan ta nemi izinin 'yan takarar da za ta yi wa alƙalanci, to an ba ɗan wasa usur. Jama'a suka yi ca, ƙungiyoyi suka yi ca, hukumar zaɓe da kanta ta ce tana da ƙarfin yin aikin. A watan Oktoba na shekarar Majalisar Dattawa ta janye, ta bar wa hukumar ikon zaɓar hanyar da za ta aika sakamako.

Sauran labarin sananne ne. Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya ƙi sa hannu a irin wannan ƙudiri har sau huɗu a 2018, ya sake mayar da shi a Disamba 2021 saboda an tilasta wa jam'iyyu 'yar tinƙe. Majalisa ta ƙara zaɓen daliget da sasanci, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022. Dokar ta kawo alheri, ba zan ɓoye ba: ta ba na'urar tantance masu zaɓe gindin zama, ta ce a saki kuɗin hukumar aƙalla shekara ɗaya kafin zaɓe.

Shekara ɗaya cif bayan nan, 25 ga Fabrairu, 2023, ina tsaye a rumfarmu da ke harabar makarantar firamare. Magariba ta yi, aka kunna fitilun waya. 'Yar bautar ƙasar da ke shugabantar rumfar tana ɗaga ƙuri'a sama ɗaya bayan ɗaya, mu muna amsawa baki ɗaya, "Arba'in da ɗaya! Arba'in da biyu!" Da aka gama ta cike takardar sakamako, ejan-ejan suka sa hannu, ta shimfiɗa takardar a kan tebur, wani yaro ya haska mata, ta ɗauki hotonta da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Malam, yanzu shi ke nan ba mai taɓa ta?" Na ce masa in sha Allahu. A rumfarmu an tashi lafiya. Amma a faɗin ƙasa sakamakon shugaban ƙasa bai hau IReV, shafin intanet da hukumar zaɓe ke ɗora sakamakon rumfuna, a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Da magana ta je Kotun Ƙoli, hukuncin 26 ga Oktoba, 2023 ya tsaya a kan cewa doka ba ta wajabta aikawa ta na'ura ba, hukumar aka bar wa zaɓin hanya. Alƙalai ba su karanta alƙawarin da aka yi wa jama'a a rediyo ba, abin da 'yan majalisa suka rubuta suka karanta. Tsakanin "tana iya" da "wajibi ne" nan shari'ar ta kwana. Ba ina cewa da an wajabta da wani ne zai ci ba, wannan ba shi ne zancena ba. Zancena dattijon nan ne, da amsar da na ba shi.

Kada kuma a ce majalisa ba ta iya sauri. Bayan an sa hannu sai aka farga cewa sashe na 84 na dokar zaɓen ta 2022, sakin layi na takwas, ya bar daliget na dindindin a waje, wato shugaban ƙasa, gwamnoni da su kansu 'yan majalisar ba za su jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani ba. Ranar 10 ga Mayu, 2022 Majalisar Dattawa ta yi wa gyaran karatu na ɗaya, na biyu da na uku a zama guda. Washegari Majalisar Wakilai ta yi zaman gaggawa ta amince. Buhari bai sa hannu ba, aka yi fid da gwani ba su. Kwana biyu suka isa gyaran da ya shafi ƙuri'arsu. Layin da ya shafi tawa yana nan tun 1996.

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 bayan ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya miƙa rahoto a Disamba 2008. Cikin shawarwarinsa akwai a sauke wa hukumar zaɓe kaya, a kafa hukuma ta daban mai shata iyakokin mazaɓu, da wata mai hukunta masu maguɗi. Kundin Kenya na 2010 ya rufe ƙofar ta gefe biyu, ya ce kada sake duba iyakoki ya gaza shekara takwas, kada ya wuce sha biyu. Su ma wa'adin ya kuɓuce musu a Maris 2024 saboda hukumarsu ba ta da kwamishinoni, amma da yake akwai ranar da aka rubuta, akwai abin da ɗan ƙasa zai riƙe ya tafi kotu. Ghana ta ƙara mazaɓunta daga 230 zuwa 275 a 2012, aka yi ce-ce-ku-ce, aka wuce wurin.

Na san abin da ake tsoro. Da an taɓa taswira za a ce Arewa ta ci Kudu ko Kudu ta ci Arewa. Mun gani a 2014, da Jega ya so ƙara rumfuna dubu 30 da 'yan kai, 21,615 a Arewa, 8,412 a Kudu. Hayaniya ta sa aka jingine shirin a watan Nuwamba. Amma a Yuni 2021, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, bayan an zauna da jam'iyyu da ƙungiyoyi, rumfuna suka tashi daga 119,974 zuwa 176,846, ƙasa ba ta tsage ba. Su ma tun 1996 suke a daskare. Bambancin kawai, ƙarin rumfa ba ya buƙatar amincewar majalisa. Kuma matsalar Ungogo ba ta buƙatar a karɓi kujera ko ɗaya daga wata jiha. Kano ta riƙe 24 ɗinta, a sake raba su a cikin gida daidai da inda mutane suke zaune yanzu. Za a ce sai an yi sabuwar ƙidaya, tunda wadda aka shirya a Mayu 2023 an ɗage ta. To ta 2006 fa, wadda ko sau ɗaya ba a yi aiki da ita a kan taswirar ba?

Abin da nake so daga wakili bai fi ƙarfinsa ba. Ya kawo ƙudirin da zai ƙara wa sashe na 73 'yan kalmomi, a ce kada ya wuce shekara kaza. Ya nemi a sa wa majalisa wa'adi a sashe na 74, in hukumar ta kawo taswira ba a ce komai ba har kwanakin suka cika, ta zama doka. Gyaran kundi yana da wuya, sai kashi biyu bisa uku na kowane zaure da majalisun jihohi 24, amma an yi shi a 2010 lokacin da aka sa kuɗin hukumar zaɓe ya riƙa fitowa kai tsaye daga asusun tarayya. Kuma a fara da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. In an zo kaɗa ƙuri'a a kai, ya tashi ya nemi a kira sunaye.

Wannan muka rubuta a takarda shafi ɗaya, ni da malamai biyu da limamin masallacin layinmu. Ba mu roƙi taransifoma ba, ko da yake muna buƙata. Yarinyar benci na biyu ce ta kwafe ta da hannunta, don rubutunta ya fi nawa kyau. Takardar tana wurin mai shayin bakin layi, cikin leda, an danne ta da gwangwanin madara. Zuwa daren jiya mutum 63 sun sa hannu, tara daga ciki da dangwale. Ranar Asabar bayan sallar azahar za mu kai ta ofishin mazaɓa.